Waƙar Baƙi a Bakin Ƴan Gida: Tarihin Littafin Waƙoƙin Kirista a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Damagaram, ya ratsa Agye da Gazawa ya sauka Tasawa, ko kuwa ya karkata arewa ya nufi Mayahi, zai iske ƙasa ce ta masallatai da makarantun allo, wadda kuma ba ta rasa sauran al'adun Anna a wasu ƙauyukanta ba. Kiristoci ƴan ƙalilan ne a nan, kamar yadda suke a sauran sassan Nijar, inda ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'umma ba. Duk da haka, ranar Lahadi da hantsi, mai wucewa ta wata unguwa yakan ji waƙa tana tashi daga wani ɗakin kwano ko na laka. Kalmominta Hausa ce tsantsa, amma muryar da ake rera ta da ita ba ta yi kama da ta makaɗan fada ba, ba ta yi kama da ta masu bege ba, balle ta ƴan mata a dandali. Mai ja gaba yakan kira lamba, jama'a su buɗe wani ƙaramin littafi da ake kira Littafin Waƙoƙi, su kama rerawa baki ɗaya.

Wannan ɗan littafi abu uku ya haɗa. Akwai Hausar boko, wadda wani yaro ɗan yankin nan yana cikin waɗanda suka fara koya wa Turawa ita. Akwai rauji, wato muryar waƙa, da ya taso daga Ingila da Amurka tare da labarin mutanen da suka tsara waƙoƙin. Akwai kuma kalmomin ibada, waɗanda akasarinsu daga zauren malamai aka ɗauko su. Saboda haka littafin wani babi ne na tarihin adabin Hausa, wanda ya kamata malamin makaranta da ɗan ƙungiyar raya al'adu su san shi, ko mene ne addininsu. Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan abubuwa uku, sannan ta dubi waƙoƙin da littafin bai ƙunsa ba.

Daga hanyar Tasawa zuwa Ingila

A watan Janairun 1851 wasu Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg, suka sauka Tasawa bayan sun ƙetare Sahara da Azbin. Daga nan Barth ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano, shi kuwa Overweg ya ziyarci Maraɗi da Gobir kafin su sake haɗuwa a Barno. A Kukawa ne Overweg ya fanshi wasu yara biyu daga bauta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne ɗan ƙauyen Dambanas da ke kusa da Kance, gabas da Tasawa, wanda aka kama a wani hari yana ƙarami aka yi ta sayar da shi har ya kai Barno. Da Overweg ya rasu a 1852 a bakin Tafkin Cadi, sai yaran suka ci gaba da yi wa Barth hidima, suka raka shi Sakkwato da Tambutu, ya kuma tafi da su Turai a 1855.

A Ingila yaran suka faɗa hannun James Frederick Schön, wani Bajamushe ma'aikacin mishan ɗin cocin Ingila da ake kira CMS. Schön ya shiga ayarin da ya hau Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma fara tsintar Hausa a bakin ƴantattun bayi a Saliyo, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Zaman Dorugu a gidansa shi ya buɗe masa ƙofar harshen. Yaron ya ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyi da karin magana, shi kuwa yana rubutawa. Daga wannan aiki aka samu fassarar Linjilar Matiyu a 1857, da littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Sabon Alkawari a 1880, sannan Magana Hausa a 1885. Dorugu ya koma Afirka a 1864, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana aiki a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa.

Bayan Schön sai Dakta Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, ya isa Kano a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Daga baya Miller ya zauna Zariya, ya zama jigo a aikin fassarar da ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Waƙoƙin ibada sun taso ne a gefen wannan aiki, domin duk inda ƴan mishan suka tara mutum biyar ko goma, kafin su iya karatu sai an ba su abin rerawa.

Su wane ne suka tsara waƙoƙin?

Waƙa tsohuwar aba ce a ibadar Kirista. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Rumawa mai suna Pliny ya rubuta wa sarkinsa cewa Kiristocin lardinsa sukan taru kafin fitowar rana su yi waƙa. Waƙar Kirista mafi tsufa da aka samu tare da alamomin raujinta a Afirka take, a kan wani guntun takardar gargajiya ta Masar na ƙarshen ƙarni na 3. Sai dai littafin waƙa na hannun talaka, cikin harshen da yake magana da shi, bai samu ba sai da ɗab'i ya yaɗu. Mabiya Martin Luther sun buga nasu na farko a 1524 da waƙoƙi takwas kacal, sannan a 1562 aka kammala Zabura cikin waƙen Faransanci a Janeba, aikin Clément Marot da Théodore de Bèze. A Ingila Isaac Watts ya fitar da nasa kundin a 1707, Charles Wesley kuma ya bar waƙoƙi sama da 6,000.

Daga cikin mawallafan Ingila, wanda labarinsa ya fi shafar Afirka ta Yamma shi ne John Newton (1725–1807). Matuƙin jirgin ruwa ne da ya shiga fataucin bayi tun yana saurayi. Ya taɓa zama a wani tsibiri na gaɓar Saliyo cikin wulaƙanci da yunwa a hannun ubangidansa, har shi kansa ya ɗanɗana abin da ya yi kusa da bauta. Wata guguwa da ta kusa nutsar da jirginsu a 1748 ta sa ya fara tuba, amma tuban bai hana shi zama shugaban jirgin bayi ba har zuwa 1754. Ya zama limamin coci a garin Olney a 1764, inda shi da abokinsa William Cowper suka fitar da kundin waƙoƙi a 1779. Sai a 1788 ya fito fili ya rubuta abin da idonsa ya gani a cikin jiragen, ya goyi bayan masu neman a hana cinikin, ya kuma rasu a shekarar da majalisar Ingila ta hana shi. Abin lura a nan shi ne, waƙoƙin tsohon mai fataucin bayi suna cikin kayan da ƴan mishan suka ɗauko, Hausar da za a zuba irinsu a ciki kuwa ƴantaccen bawa ne ya fara shimfiɗa ta.

Amma salon da ya fi rinjaye a majami'un ƙasar Hausa na Amurka ne, wanda ake kira waƙoƙin bishara. Ya bunƙasa ne a tarurrukan farkawa na mai wa'azi Dwight Moody da mawaƙinsa Ira Sankey (1840–1908), waɗanda suka zagaya Birtaniya daga 1873 zuwa 1875. Sankey yakan zauna gaban ƙaramin molon iska ya rera baiti shi kaɗai, jama'a su karɓa da amshi. Ɗan littafin da ya fara bugawa a 1873 mai suna Sacred Songs and Solos ya yi ta ƙaruwa har ya kai waƙoƙi 1,200. Siffar waƙar bishara ita ce gajerun baitoci, da kalmomi masu sauƙi, da amshi mai maimaituwa, da magana da bakin mutum ɗaya mai neman gafara ko mai godiya.

Babbar marubuciyar wannan salo ita ce Fanny Crosby (1820–1915). Ta makance tana jaririya, ta haddace manyan sassa na Littafi Mai Tsarki tun tana yarinya, ta yi karatu a makarantar makafi ta New York, daga baya ta koyar a can. Ta auri wani makaho makaɗi a 1858, ɗa guda da suka haifa bai rayu ba. Takan tsara waƙa a ka, ta riƙe ta, sai ta samu mai rubutu ta yi masa shifta. An ƙiyasta waƙoƙinta sun haura 8,000, ana biyan ta dala ɗaya ko biyu a kan kowace, har masu ɗab'i suka riƙa saka mata sunayen aro masu yawa don kada a ga littafi ya cika da sunan mutum ɗaya. Ta zauna a unguwannin talakawa tana hidima a gidajen da ake tallafa wa mashaya da marasa galihu. Mai karatu Bahaushe ba zai rasa tuna Aliyu Namangi na Zariya ba, wanda shi ma ya makance tun yana ƙarami, ya tsara Imfiraji a ka, almajirai da makafi suka yaɗa ta gari gari. Addini ya raba su, amma hanyar aikinsu ɗaya ce: kunne, da hadda, da baitin da talaka zai iya ɗauka ya tafi da shi.

Da yawa daga cikin waƙoƙin nan cikin baƙin ciki aka haife su. Joseph Scriven, ɗan Ailan da ya yi ƙaura zuwa Kanada, ya rasa budurwarsa a ruwa ana gobe ɗaurin aurensu. Baitocin da ya aika wa mahaifiyarsa wajen 1855 don ya kwantar mata da hankali, a kan Yesu a matsayin abokin mai damuwa, sun daɗe suna yawo ba suna kafin a gane nasa ne. Horatio Spafford, lauya a Chicago, ya rasa ƴaƴansa mata huɗu a watan Nuwamban 1873 lokacin da jirgin ruwan Faransa mai suna Ville du Havre ya nutse a Tekun Atlantika, matarsa kaɗai ta tsira daga iyalin da ke ciki. Waƙar dangana da ya rubuta bayan haka, Philip Bliss ne ya yi mata rauji. Shi kuma Bliss ya rasu tare da matarsa ranar 29 ga Disamban 1876, yana da shekara 38, sa'ad da gada ta karye da jirgin ƙasan da suke ciki a Ashtabula ta jihar Ohio. Wannan ne ya sa jigon waƙoƙin bai zama baƙo ga manomin Gulbin Kaba ba, wanda ya san fari da yunwa da mutuwar yara, ko da bai taɓa jin sunan ɗaya daga cikin marubutan ba.

Yadda littafin ya shigo ƙasar Maraɗi

Mishan ɗin da ya kawo waƙoƙin nan Nijar shi ne Sudan Interior Mission, wato SIM. Samari uku ne suka fara shi, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka sauka Ikko a watan Disamban 1893. Biyun farko sun rasu a 1894, Bingham kaɗai ya koma Toronto ya sake shiri, har aka kafa tasha ta farko a Patigi a 1902. Mutanen SIM ƴaƴan tarurrukan farkawa ne, da waƙoƙin Sankey suka tashi. Sun buɗe tasha a Damagaram a 1924, sannan a ƙarshen shekarun 1920 David Osborne ya zauna Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi. Daga baya aka samu asibitin Galmi a 1950, da asibitin kutare na Danja, da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, wadda ba ta da nisa da Tasawa, inda ake horar da masu bishara da Hausa. A farkon shekarun ƴancin kai majami'un da suka fito daga wannan aiki suka haɗu a ƙungiyar da ake kira EERN. Ta bakin masu bishara ƴan ƙasa, da majinyatan da suka kwanta Galmi ko Danja, da ƴan cirani masu dawowa daga Kano da Jos, waƙoƙin suka isa garuruwa da ƙauyukan Tasawa da Mayahi.

Gwamnatin mulkin mallaka ta Faransa ba ta saki jiki da waɗannan Nasara masu jin Ingilishi ba, musamman da yake cibiyarsu tana Nijeriya. Dokar 14 ga Fabrairun 1922, wadda ta tsara makarantu masu zaman kansu da ayyukan addini a Afirka ta Yamma ta Faransa, ta wajabta koyar da ilmin boko da Faransanci kaɗai, ta kuma taƙaita harsunan ibada ga Faransanci da Latin da harsunan ƙasa. Ingilishi ba shi da gurbi ke nan. Ƴan mishan kuwa Faransancinsu bai taka kara ya karya ba, Hausa suka koya. Da haka Hausa ta zama harshen wa'azi da addu'a da waƙa, littattafan kuma daga maɗaba'ar mishan ta Nijeriya ake kawo su.

Wannan ya bar alama a tarihin karatu. Jami'in Faransa yana rubuta Tessaoua da Tchadoua bisa ƙa'idar harshensa, amma mai riƙe da Littafin Waƙoƙi ya saba da rubutun da aka daidaita a Nijeriya, mai amfani da c da sh da ts da u. Ke nan ƴan majami'a suna cikin mutanen farko da suka karanta Hausar boko a yankin, shekaru da dama kafin a kafa hukumar yaƙi da jahilci bayan ƴancin kai, kafin taron Bamako na 1966 kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, kafin kuma makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da aka buɗe a Damagaram a 1973. Littafin da ake gani a hannun jama'a kalmomi ne da lambobi, raujin kuwa a ka ake riƙe shi. Wanda ya haddace waƙa da kunne, idan ya bi layinta da yatsa, sannu a hankali sai haruffa su fara yi masa magana. Mata da yawa da ba su taɓa shiga lakwal ba ta wannan hanya suka koyi haɗa baƙi.

Haka kuma Hausar littafin ta Kano da Zariya ce. Mutumin Mayahi da ke cewa shina zuwa, da hwari, da ɗiyana, idan ya buɗe baki a majami'a sai ya rera yana zuwa, da fari, da ƴaƴana. Littafin ya zama wata hanya ta shigowar daidaitacciyar Hausa, kafin rediyo ya ƙarasa aikin. Gidan rediyon ELWA na SIM da ya fara aiki a Monrobiya a 1954, da Muryar Bishara da ta yi watsi daga Addis Ababa tsakanin 1963 da 1977, duka sun yaɗa waƙoƙin da Hausa. A ɗaya gefen kuma, Ruben Saillens (1855–1942) da wasunsa sun juya irin waɗannan waƙoƙi zuwa Faransanci, shi ya sa a biranen Nijar ake iya jin rauji ɗaya da harshe biyu.

Kalmomin zaure, raujin ƙetare

Masu fassara ba su iske Hausa fanko ba. Tun kafin zuwansu harshen yana da rubutacciyar waƙa ta ajami, mai wa'azi da bege da tsoratarwa, wadda ta bunƙasa a hannun malaman jihadi irin su Nana Asma'u (1793–1864). Ko Maraɗi da Tasawa da Tsibiri, waɗanda sarakunansu suka yi shekaru suna gaba da Sakkwato, ba su rufe kunne ga wannan waƙa ba. Saboda haka kalmomin da ake buƙata suna nan a shirye: Allah, Ubangiji, zunubi, tuba, gafara, addu'a, sujada, annabi, mala'ika, ruhu, Almasihu, bishara. Ban da Ubangiji, duka daga Larabci suka shigo ta hannun malamai.

Sai dai kalma ta kan sauya kaya idan ta sauya gida. Ceto a bakin malami roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ne ranar ƙiyama, a cikin Littafin Waƙoƙi kuwa kuɓuta ce daga zunubi ta wurin mutuwar Almasihu. Tsarki da aka sani na wanke najasa kafin salla ya zama siffar Allah da littafinsa. Sujada da take nufin ɗora goshi a ƙasa ta zama sunan taron ibada gaba ɗaya. Masu fassarar 1932 sun riƙe sunan Allah, amma suka zaɓi Yesu a maimakon Isa da jama'a suka sani. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, ta yi dogon bayani a kan yadda irin wannan zaɓi ya kusantar da al'ummomin biyu a wani wuri, ya nisanta su a wani. Maƙwabci Musulmi da ke jin waƙar ta kan katanga yana gane kusan kowace kalma, amma ba lalle ne abin da ya fahimta ya zama abin da mai rerawa yake nufi ba.

Babbar matsalar tana wajen kari. Waƙar Ingilishi ƙidayar gaɓoɓi take yi da bugun murya, misali takwas, shida, takwas, shida a baiti mai ɗango huɗu. Waƙar Hausa kuwa, rubutacciya ko ta baka, a kan nauyin gaɓa take tafiya, wato bambancin gaɓa mai sauƙi da mai nauyi, kamar yadda masana irin su Russell Schuh suka nuna. Wannan ne ya sa karuruwan Larabci irin su Basiɗ da Kamil da Mutaƙarab suka zauna wa Hausa daram. Mai fassara da aka ɗaure shi da raujin ƙetare ba shi da zaɓi sai ya cika adadin gaɓoɓi, ko sun dace da tsawon muryar ko ba su dace ba. Idan doguwar murya ta faɗa kan gaɓar farko ta gari, wurin zama, sai kunne ya ji garin tuwo. Idan rauji ya tashi sama a inda karin sauti ya kamata ya sauka, wuya ta wahala sai ta koma wuyan da ke ɗauke da kai. Amsa-amo, wanda shi ne adon waƙar malamai, sau da yawa yakan salwanta a hanya. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya ceci waƙoƙin shi ne amshi, domin tsarin mai ja da masu karɓa tsohon abu ne a ƙasar Hausa, da kuma bakin masu rerawa, waɗanda suka yi ta jan raujin suna lanƙwasa shi har ya fara bin numfashin harshensu.

Waƙoƙin da ba su shiga littafi ba

Da yawa daga cikin ƴan mishan na farko sun ƙyamaci ganga da goge da garaya, saboda sun danganta su da bori da roƙo. A yanki irin na Mayahi, inda kiɗan bori yake da tushe, wannan ƙyama ta yi daidai da ta malaman Musulunci, ta kuma raba sabon mai bi da kiɗan da ya tashi da shi. Mata ne suka maido da muryar gida cikin ibada. Ƙungiyar zumuntar mata, wadda ta samo asali a majami'un Arewacin Nijeriya ta ƙetaro Nijar, ta zo da waƙoƙin da aka tsara da Hausa tun daga tushe: zabiya ta ja, ƴan amshi su karɓa, ana tafi ana kaɗa tulu ko ƙwarya. Raujinsu ɗan'uwan na waƙar daka da ta niƙa da ta biki ne, don haka kalma takan zauna inda harshe ya ajiye ta. Jigoginsu kuma na rayuwar yau da kullum ne: labarun annabawa, da haƙurin zaman aure, da tarbiyyar ɗiya, da rashin haihuwa, da ta'aziyya, da zama da dangin da ba addini ɗaya ake ba.

A nan tarihi ya sake maimaita kansa, domin haka jajin Nana Asma'u suke ɗaukar waƙa su kai wa matan karkara ƴan taru. Bambancin shi ne waƙoƙin Asma'u an rubuta su da sunanta. Rayuwar Crosby da Newton da Bliss ma an rubuta ta dalla-dalla, har da ranakun haihuwa da na mutuwa. Amma malaman Hausa da suka zauna da ƴan mishan suna gyara musu baiti, da masu bisharar da suka fito daga Tsibiri da Agye, da zabiyoyin zumunta da suka tsara ɗaruruwan waƙoƙi, ba kasafai aka damu da ajiye sunayensu ba. Abin da aka rubuta ma yana cikin littattafan makaranta na hannu da tsofaffin kaset, waɗanda gara da zafi da ruwan sama suke ci. Wuta ma ta ci rabonta: a tarzomar 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙona majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, tare da abin da ke cikinsu na takardu.

Kammalawa

An ce baƙo raɓa ne. Turawan da suka zo da Littafin Waƙoƙi sun wuce, waƙar kuwa ta zauna, ta auri harshen gida, ta haifi ƴaƴan da ba su yi kama da kakanninsu na ƙetare ba. Malamin Hausa yana da abin koyarwa a nan wanda ba ya buƙatar shiga gardamar aƙida: ya ɗauki baiti daga waƙar wa'azi ta ajami, da baiti daga fassararriyar waƙar majami'a, da baiti daga waƙar zumunta, ya sa ɗalibai su auna gaɓoɓinsu, su gano da kunnensu dalilin da ya sa wani ya zauna wani ya yi tuntuɓe. Malamin Faransanci yana iya ƙara fassarar Faransanci ta waƙa guda, a ga abin da kowane harshe ya riƙe da abin da ya saki.

Ƙungiyoyin raya al'adu na Tasawa da Mayahi kuwa aikin da ke gabansu na gaggawa ne. Tsofaffin da suka koyi waƙa a bakin masu bishara na farko suna ƙarewa. A je a same su da izininsu, a naɗi muryarsu, a rubuta baitocin da karin harshen da aka rera su, a tambayi wa ya tsara, a wane gari, a kan wane dalili, a kuma adana tsofaffin bugu na littafin a inda ɗalibi zai iya duba su. Ana tunawa da Dorugu a yau ne domin wani ya zauna ya rubuta abin da ya faɗa, ya kuma saka sunansa.